Gangaren Mbe da Lissafin Birki

Layin dogon da ya taso daga Yawunde a Ngawundere ya tuƙe. Kilomita 622 ne tsakanin biranen biyu, kuma tun 1974 da jirgi ya fara isowa ba a ƙara shimfiɗa ƙarfe zuwa arewa ba. Don haka duk kayan da suka nufi Garwa, Marwa, Kusiri ko Injamena, shinkafa ce ko siminti ko mai, a nan ake sauke su daga tarago a ɗora wa manyan motoci. Audugar kamfanin Sodecoton da ta fito daga Garwa da shanun Adamawa kuwa su bi akasin haka, su bar roba su hau ƙarfe. Abin da ido ke gani a tashar shi ne 'yan dako da direbobi da dillalai. Amma buhun da aka sauke ya fita daga wani lissafi ne ya shiga wani, kuma tsakanin tashar nan da gaɓar kogin Binuwai a Garwa akwai kusan duk abin da ilimin fizik ke faɗa a kan ƙarfi da motsi.

Ka tambayi mai tura amalanke abin da ke tafiyar da amalankensa, zai ce maka ƙwanjinsa ne: in ya tura ya tafi, in ya saki ya tsaya. Haka Aristotal na Girka ya koyar, cewa motsi ba ya ɗorewa sai da mai turawa, kuma maganarsa ta yi sarauta a makarantu kusan shekara 2,000 domin ta yi daidai da abin da kowa ke gani. Sai dai wata tambaya ta hana malamai sakat. Dutsen da yaro ya harba da majajjawa, wa ke tura shi bayan ya rabu da igiya? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya amsa a littafinsa Al-Shifa cewa abin da aka jefa yana karɓar wani ƙarfin ci gaba daga mai jifa, kuma wannan ƙarfi ba ya ƙarewa don kansa, iska ce ke cinye shi. Galileyo na Italiya ya riƙa mirgina ƙwallaye a kan katako mai gangara yana auna lokaci, ya buga sakamakonsa a 1638. Sannan Niyuton na Ingila ya tattara zancen a dokoki uku a 1687.

Ta farko ita ce mai wuyar haɗiya. Abu ba ya buƙatar ƙarfi don ya ci gaba da tafiya. Ana buƙatar ƙarfi ne don a sauya tafiyar, wato a tayar da abu, a ƙara masa gudu, a rage, a karkatar da shi ko a tsayar. Amalanke ba sakin da aka yi masa ne ya tsayar da shi ba, gogayyar taya da ƙasa ce, da ta ƙarfen da tayar ke juyawa a kai. Inda babu gogayya tafiya ba ta ƙarewa: kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yau yana keta sarari, kusan kilomita 17 a kowane sakan, ba tare da wani inji na tura shi ba. Direban da ke tafe da gudu ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, man da yake ƙonawa ba tafiyar yake saye da shi ba, gogayyar taya da ta iska yake biya.

Nan ne jirgin ƙasa ya yi wa tirela fintinkau. Ƙafar ƙarfe a kan dogo kusan ba ta lotsewa, don haka ƙarfin da ya kai na ɗaga kilo 2 ya isa ya ci gaba da jan tan guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tayar roba kuwa tana lotsewa tana miƙewa a kowane juyi, tana ɗaukar zafi, sai ta ci kilo 6 zuwa 10 a kan tan gudan, a kwalta mai kyau ke nan. A jar ƙasa mai laushi abin ya ninka. Shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan kayan da sai an tara tireloli da yawa kafin su kwashe.

Santsin da ya ba jirgi wannan riba shi ne kuma rauninsa. Hanya idan tana hawa mita 1 a kowace mita 100, jan ƙasa yana ƙara kilo 10 a kan kowane tan, kuma bai san ƙarfe ba bai san roba ba. Ga tirela, daga 8 ne zuwa 18, ninki biyu da ɗan ɗoriya. Ga jirgi, daga 2 ne zuwa 12, ninki shida. Sannan kan jirgi ba ya iya ja fiye da yadda ƙafafunsa suka riƙe dogo, kuma ƙarfe a kan busasshen ƙarfe riƙonsa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyin da ke kansa ba, alhali roba a busasshiyar kwalta tana kai kashi bakwai cikin goma. In aka yi ruwa ko raɓa ta sauka riƙon ya ƙara raguwa, shi ya sa kawunan jirgi ke tafe da akwatin yashi suna zuba wa dogo a gaban ƙafa. An daɗe ana maganar miƙa layin zuwa Injamena. Ko an samu kuɗin, duk injiniyan da aka ba aikin sai ya san yadda zai sauko da jirgi daga tudun Adamawa, kuma sauko da shi mita 500 a gangarar da ba ta wuce mita 1.5 cikin 100 ba na cin layi fiye da kilomita 33 na lanƙwashe-lanƙwashe.

Mota ba ta da wannan haƙuri. Ngawundere tana zaune sama da mita 1,000 daga matakin teku, Garwa kuwa wajen mita 200, kuma kusan kilomita 280 ne tsakaninsu. Amma saukar ba a rarrabe take daidai ba. Babban kasonta yana tattare ne a gangaren nan da ake kira falez, bayan an wuce Dang inda jami'a take, kafin a kai Mbe. Hanyar tana murɗawa a jikin dutse, kwana na bin kwana, kuma babu direban babbar mota a arewacin Kamaru da ba shi da labarin wurin.

Hawa ajiya ce. Duk aikin da inji ya yi wajen ɗaga kaya zuwa tudu bai ɓata ba, yana nan a matsayin kuzari, kuma gangara za ta mayar wa direba da shi duka, ko yana so ko ba ya so. Lissafinsa ba wuya: nauyi, a ninka da tsayin saukar, a ninka da 9.8, wato yawan mitocin da jan ƙasa ke ƙara wa gudun abin da ke faɗowa a kowane sakan. A ɗauki tirela mai tan 40 da ta sauko mita 500. Kuzarin da ya fito ya kusa jul miliyan 200, abin da zai tafasa ruwa lita 600, wato duro uku. Gogayyar taya da iska za su ci wani kaso. Sauran dole ya tafi wani wuri, kuma wurare biyu ne kawai: ko ya zama gudu, ko ya zama zafi. Birki ba ya kashe kuzari, mayar da shi zafi yake yi. Idan ƙarafan birkin motar gaba ɗaya sun kai kilo 500, aka zuba musu wannan zafi duka ba tare da sun sha iska ba, za su haura digiri 800. Tun kafin a je can fatar birki ta daina kamawa, gangar ƙarfen da take gogawa ta buɗe saboda zafi, direba ya taka ya ji wayam.

Idan irin haka ta faru sai ka ji an ce birki ya tsinke. Sau da yawa babu abin da ya tsinke, birki ya dahu ne. Wani lokaci kuma iska ce ta ƙare, domin birkin manyan motoci da matsattsiyar iska yake aiki, kuma takawa a saki a kai a kai na zubar da ita fiye da yadda famfo ke mayarwa. Tsofaffin direbobi sun san maganin tun ba su ji sunan Niyuton ba: giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Ƙaramar giya tana tilasta wa tayoyi su juya inji, inji kuma ya matse iska ya fitar da zafin ta salansa da ta tankin ruwa, musamman idan motar na da birkin inji kuma yana aiki. Ga kuma riba ta biyu. Zafin da za a zubar ɗaya ne ko an sauka a minti 10 ko a minti 30, amma mai minti 30 ya ba ƙarfe ninki uku na lokacin hucewa. Wanda ya sa mota a firi don ya rage shan mai ya cire inji daga lissafin gaba ɗaya ya bar wa birki shi kaɗai aikin. Wanda ya ɗora tan 60 a motar tan 40 kuwa ya ƙara rabi a kan zafin, a kan ƙarafan da ba su ƙaru da ko kilo ɗaya ba. A ganina mai kaya da ya matsa a yi wannan lodi yana da kaso a duk abin da ya biyo baya, ko da yana zaune a shagonsa lokacin da abin ya faru.

Akwai abin takaici a yadda ake koyar da wannan. Ɗalibin sakandare a Ngawundere yana zana akwati a kan gangara, ya ja kibiyoyi uku, ya rubuta sunayensu da Faransanci, ya ci jarrabawa, ba tare da an taɓa ce masa akwatin nan tirela ce ba, gangarar kuma tana nan gaba da Dang. Karen motar da ke dirowa da gudu ya cusa waigi a bayan taya idan mota ta tsaya a hawa, shi kuma yana aiki da kibiyoyin nan uku kullum, bai taɓa ganin zanensu ba. Da za a haɗa su biyu a aji ɗaya na awa guda, da kowannensu ya ƙaru.

Doka ta biyu ita ce ta ƙididdiga. Sauyin gudu yana ƙaruwa da yawan ƙarfin da aka sa, yana raguwa da yawan nauyin abin. Wannan kowa ya yarda da shi, domin kowa ya ga yadda babur ke fizga a bar tirela tana nishi. Abin da mutane ba su yarda da shi ba shi ne abin da ke fitowa daga dokar idan aka bi lissafinta: kuzarin abin da ke gudu ba ya bin gudun ɗaya bayan ɗaya, yana bin gudun ne a ninke da kansa. Ka ninka gudu biyu, kuzari ya ninka huɗu. Ka ninka uku, ya ninka tara. Ƙaramar mota a busasshiyar kwalta, daga lokacin da birki ya kama, tana tsayawa a mita 5 idan tana gudun kilomita 30 a awa, a mita 20 idan 60 take yi, a mita 80 idan 120 ce. Ba a ma sa sakan gudan da ke wucewa tsakanin ido ya ga saniya a hanya da ƙafa ta kai ga birki ba, wanda a gudun 60 ya cinye mita 17. Mai baburin haya da ya tashi daga 40 ya koma 80 don ya riga wani ga fasinja yana jin ya ƙara sauri ne kawai, alhali mita 9 na tsayawarsa sun zama 36.

Karo kuwa tsayawa ce da aka yi a gajeren wuri. Bugun bango a gudun 50 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kamar bene mai hawa uku. A gudun 100 tsayin ya zama mita 40. Jiki dole ya zubar da wannan gudu, kuma abin da ke raba rai da mutuwa shi ne tazarar da aka ba shi ya zubar. Motar da gabanta ya lotse rabin mita kafin ta tsaya daga gudun 50 ta sa duk abin da ke cikinta ya ji ninki 20 na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 a cinyar mahaifiyarsa a kujerar gaba ya koma kilo 200 a ƙiftawar ido, kuma babu hannun da zai riƙe shi. Bel aikinsa ke nan, ya sa jiki ya tsaya tare da motar a hankali maimakon ya ci gaba shi kaɗai har gilashi. Hular kwano ma ba taurin bayanta ne babban amfaninta ba, soson cikinta ne, wanda ke lotsewa ya ba ƙoƙon kai santimita biyu ko uku na tsayawa, inda kwalta ba ta ba shi komai. Hular da aka rataya a hannun babur, ko aka ɗora a ka ba a ɗaure ba, dokar farko za ta raba ta da mai ita tun kafin a kai ƙasa.

Kwana ma sauyin tafiya ce, ko da allurar gudu ba ta motsa ba. Fasinja yana jin kamar wani abu na jefa shi waje, amma babu mai jefa shi. Jikinsa ne ke son miƙewa, motar ce ta karkata daga ƙarƙashinsa. Don mota ta bi lanƙwasa sai taya ta samu riƙon da zai tura ta ciki, kuma ƙarfin da ake buƙata shi ma yana bin gudu a ninke da kansa. Idan riƙon ya gaza, mota ta ƙwace. Idan riƙon ya yi ƙarfi amma lodi ya yi tsayi, kamar dilolin auduga da aka jibga sama, ƙasan motar ya bi kwana samanta ya miƙe, sai ta kife. Tankar mai da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari ta wannan fuska, domin man yana kwarara gefe ɗaya a daidai lokacin da ba a so. Shanu a tsaye a bayan mota ma haka suke yi.

Kamaru ta ga wannan lissafi da idonta ranar 21 ga Oktoba, 2016, a Eseka. Hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke a safiyar, jama'a suka yi tururuwa zuwa tasha, aka ƙara wa jirgi taragu. Ya kauce daga layi a kusa da garin, kuma alƙaluman hukuma sun ce mutum 79 ne suka rasu. Rahoton kwamitin binciken gwamnati da ya fito a watan Mayun 2017 ya ce jirgin na gudun kilomita 96 a awa a wurin da aka ƙayyade 40, wuri mai gangara da kwanoni. Ya ambaci lodi fiye da ƙima, da taragu masu matsalar birki, da kan jirgin da birkinsa na lantarki ba ya aiki, wato takwaran birkin inji na tirela. Daga 40 zuwa 96 bai kai ninki biyu da rabi ba. Amma ƙarfin da dogo zai yi don ya karkatar da taragun ya kusa ninki shida.

Doka ta uku an fi haddace ta, an kuma fi yi mata mummunar fahimta. Duk abin da ka tura, shi ma ya tura ka da ƙarfi daidai da naka. Mai kwale-kwale a Binuwai yana dogara gora a ƙasan kogi ya tura baya, ƙasa ta tura shi gaba. Taya tana tura hanya baya, hanya ta tura mota gaba, shi ya sa a taɓon damina inji na kuka taya na juyawa amma ba a zuwa ko'ina, don babu abin turawa. Idan tirela ta yi karo da babur, ƙarfin da ta buga masa da wanda ya buga mata daidai suke, komai rashin daɗin jin haka. Bambancin yana wajen doka ta biyu: ƙarfi ɗaya ne ya faɗa a kan tan 40 a gefe guda, da kilo 200 na babur da mutum a ɗaya gefen, don haka sauyin gudun mai babur ya ninka na tirela sau 200.

Kuzarin da tirela ke zubarwa a matsayin zafi a falez, shi ne ake kamawa a sayar a Lagdo. Madatsar da aka gina a kan Binuwai tsakanin 1977 da 1982 da hannun 'yan Sin, kimanin kilomita 50 daga Garwa, tsayinta mita 40 ne, kuma injinanta huɗu an yi su ne don megawat 72. Idan duka suna aiki, abin da tirelar nan ta zubar a saukarta duka suna samar da shi cikin sakan uku. Lissafin bai sauya ba, nauyi ne a ninka da tsayi: tan guda na ruwa a kowane sakan, idan ya faɗo mita 20, yana ɗauke da kusan kilowat 200. Shekarar da damina ta yi rowa tafkin ya ja baya, abu biyu ne ke raguwa tare, yawan ruwan da tsayin faɗuwarsa, sai ɗauke wuta ya yawaita daga Ngawundere har Marwa.

Bayan madatsar kogin ba shi da sauran gangarar kirki. Daga Garwa zuwa teku ta Yola da Makurɗi da Lakwaja tafiyar ruwa ce ta wajen kilomita 1,500, saukar kuma ba ta wuce mita 200 ba, wato ba ta kai taki ɗaya a kowace kilomita ba. Wannan laushin gangara ne ya sa a da jiragen ruwa ke iya haurowa daga Nijeriya har tashar Garwa a 'yan watannin da kogi ya cika. Shi ne kuma ya sa idan ruwa ya yi yawa aka buɗe ƙofofin Lagdo, kamar yadda aka yi a 2012, jan ƙasa ba ya iya kwashe shi gaba da saurin da yake shigowa, sai ya taru ya bazu gefe, cikin gonaki da unguwannin da ke bakin kogi.